Karen Hansatu da Dokar da Ta Tsaya a Bakin Rafi

Ga ta nan, ga ta nan, ta gangaro muku daga gindin dutse.

Ta ƙaraso, Iya, kunnuwanmu na nan.

To, ku gyara zama. Tsakanin Rano da Kibiya, idan mutum ya bar kwalta ya yi gangare wajen duwatsu, akwai wani ƙauye da ake kira Gangaren Gali. Rafi ya bi ta gabas da shi, kuma rafin nan shi ne iyaka: tsallaken nan ƙaramar hukuma ɗaya, tsallaken can wata. Kada ku tambaye ni wacce ce wacce. Ina da jikoki a can, ina da su a nan, ko'ina na je ana dama mini fura, ba zan ɓata wa kaina ba.

A ƙauyen nan akwai wata mata, Hansatu. Shekara tara da rasuwar mijinta, 'yarta ɗaya, Ramlatu, tana aure a tsallaken rafi, ita kuwa ta ƙi komawa ƙarƙashin kowa. Abin da mijin ya bar mata gona ce guda a daidai gindin dutse, baƙar ƙasa mai kyau, masara na yi a cikinta kamar an roƙa. Sai dai gonar tana da maƙwabta, wato birai. Wanda bai taɓa noma a gindin dutse ba ba zai gane ba. Biri ba ya ci ya ƙoshi ya tafi. Zai karya goyon masara ya gatsa sau ɗaya ya yar, ya karya wani ya soke a hammata, ya hango wanda ya fi shi girma ya saki na hammatar. In garke guda ya sauko da hantsi, kafin azahar ya gama da aikin wata uku.

Abin da ya tsaya tsakanin Hansatu da yunwa wani baƙin kare ne mai farin ƙirji, sunansa Duna. Bai taɓa taka ƙofar gidanta ba. Kwanansa a gona, kaskon abincinsa a gona, aikinsa a gona. Da ya hango motsi a kan dutse sai ya miƙe ya yi haushi biyu, birai su zauna can sama suna zaginsa da yarensu, amma ba mai saukowa. Shekara shida kenan Hansatu na cika rumbunta.

Ana nan, sai wani mahaukacin kare ya ciji mahauci a wata kasuwar mako, ya ƙara da mai sayar da albasa. Likitan dabbobi ya rubuta wa majalisar kansiloli takarda, ya ce a yi doka kowane kare a yi masa allurar rigakafi, wanda ba shi da mai shi a kawar da shi. Takarda ta kwanta a kan tebur har ta fara yin ja, ba wanda ya ɗaga ta. Wa zai yi suna da allurar kare?

Sai kansilan Gangaren Gali ya gan ta. Amiru kenan, ɗan Saude mai ƙosai, yaro mai kaifin baki, ga zaɓe saura wata biyar. Ya ɗauki takardar, ya cire maganar allura gaba ɗaya, ya sa a rubuta cewa an hana ajiye kare a duk faɗin ƙaramar hukumar, domin tsarkake ƙasa. Ya kai wa kwamitin malamai masu ba majalisa shawara, suka sa hannu. Ranar zama ya miƙe, ya buɗe da salati mai tsawo, ya ɗaga takardar sama.

"Wannan ba dokata ba ce," in ji shi. "Dokar Allah ce, ga sa hannun malamai. Wanda yake kishin addininsa ya ɗaga hannu."

To ku faɗa mini, wa zai bar hannunsa a cinya? Akwai wani kansila, Isma'ila, ɗan gidan mafarauta, karnuka huɗu ne a bayan gidan ubansa. Shi har miƙewa ya yi tsaye da hannun, don kada a ce ya yi jinkiri. Ba a yi muhawara ba, ba a tambayi ko akwai mai gyara ba. Doka ta wuce.

Hansatu na cikin maimai, wato noma na biyu, masara ta kai mata ƙugu, sai ga Amiru da 'yan sintiri biyu. Duna ya miƙe, ta ce masa ya kwanta, ya kwanta.

"Sannu da aiki, Inna."

"Amiru ɗan Saude, yau kai ne a gona? Kula da takalminka, taɓo bai san kansila ba."

Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Inna, kin dai ji sanarwa a lasifika. Kwana bakwai aka bayar. Bayan nan duk karen da aka gani, ba sai na faɗa ba."

"Na ji. Su waɗancan fa," ta nuna kan dutse da bakin fartanya, "su ma ka ba su kwana bakwai?"

Ɗaya daga cikin 'yan sintirin ya tuntsire da dariya, Amiru ya harare shi ya haɗiye.

"Inna, ba wasa ya kawo ni ba. Mace kamarki, 'yar malamai, ki tsaya wa najasa? Ba da ni kike ja ba. In kina da ja, da Wanda ya halicce ki kike."

"Ashe har ka kai nan? Jiya jiyan nan kake tsotson yatsa a gindin kaskon uwarka, yau kai ne ke raba wa mutane faɗa da Ubangiji?"

"Ki tambayi ƙanenki," ya ce, ya juya. "Sa hannunsa na nan a takardar."

Wannan maganar ce ta zauna mata a ƙirji. Domin kuwa limamin ƙauyen, Malam Habibullahi, ƙanenta ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goya shi. Mahaifinsu, Malam Abdurrahman, shi ya kafa zauren karatun garin, kuma ya bar wata al'ada da har yau ba a karya ba: duk Juma'a bayan la'asar malam zai zauna amsa tambayoyi, maza a cikin zaure da ƙofarsa, mata a bayan zana. Kuma a zauren nan ba a amsa tambaya da ka. Sai an zaro littafi daga gafaka, an buɗe, malam ya ɗora yatsa a kan layi, sannan ya yi magana. Hansatu tun tana yarinya a bayan zanar nan take zama tana kaɗi, abin da ake biya wa manyan ɗalibai yana shiga kunnenta. Ba wanda ya taɓa kiranta malama, amma ta san inda abubuwa suke.

Ba ta ko wanke ƙafa ba ta wuce gidansa. Ta same shi shi kaɗai a zaure yana fiƙe alƙalami.

"Yaya, sannu da zuwa. Lafiya?"

"Habibu, ɗauko gafakar Baba."

Da ya ji ta kira sunan nan babu Malam, ya san abin da ya kawo ta. Ya ajiye wuƙar.

"Yaya, zauna mu yi magana."

"A tsaye ma ina ji. Littafin Baba ya hana karen gadin gona?"

"Ai maganar ba haka take ba. An ciji mutane. Akwai maslahar jama'a, kuma shugabanni suna da ikon..."

"Ban tambaye ka ikon shugabanni ba. Littafi na tambaye ka. Kakar Duna ita ta yi gadin gonar da ta ciyar da kai har ka sauke. Baba da hannunsa yake kai mata dusa. Shi ma najasa ya tsaya wa?"

Malam Habibullahi ya dubi tabarma. Can ya ce, "Mu bakwai ne a kwamitin. Shida sun yarda kafin a zo kaina. In na ce a'a, kin san abin da za a ce? Limamin Gangaren Gali ya tsaya wa kare. A ɗauki muryata a waya a yi ta yawo da ita har Kano. Wa zai ƙara bina salla?"

"Sai ka sayar da gonata ka sayi sahu."

"Yaya, ki ji tsoron Allah."

"Ni ce zan ji? Saurara, Habibu. Da Amiru ya ce dokarsa ce, wallahi da na je na same shi na yi masa tas, in bai ji ba in je wajen ciyaman, in bai ji ba in jira ranar zaɓe. Da sun ce ta likita ce, in riƙe Duna a yi masa allura goma. Amma kun ce ta Allah ce. To wajen wa zan kai ƙara?"

"Ki yi haƙuri a ga bayan zaɓe. Abin zai lafa."

"Masarata ba ta san zaɓe ba. Sati uku ta yi goyo."

Ya ɗauki wuƙarsa ya ci gaba da fiƙe alƙalamin da ya riga ya fiƙu. Ta tsaya ta dube shi, ta dubi gafakar da ke rataye a bango, ta fita ba sallama.

Washegari ta hau motar haya ta tafi sakatariya. Wani magatakarda mai kirki ya saurare ta, ya ce mata doka ba ta gyaruwa sai wani kansila ya miƙe a zauren majalisa ya nemi gyara, wani ya mara masa baya. Ta ce to, mutum biyu ai ba wuya. Ta zauna a gindin darbejiya tana tare su ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya ce yana sauri. Na biyu ya ce ta je ta tuba. Na uku shi ne Isma'ila ɗan mafarauta, ya ja ta gefe yana waige-waige.

"Baba, wallahi gaskiyarki ce. Namu ma mun tura su wajen dangi a ɓoye, tsohona ko gaisuwata ba ya amsawa. Amma ki duba. In dokar kwata ce ko ta rumfunan kasuwa, yau ɗin nan zan miƙe in ce ba ta yi ba, a yi ta cacar baki, a gyara. Wannan kuwa an riga an ɗora mata sunan da ba a taɓawa. In na buɗe baki, sunana ya zama kansilan karnuka har jikokina."

"To ka ɗaga hannu a kan abin da ka san ba haka ba ne?"

"Baba, kowa ya ɗaga."

"Allah ya ba ka lada a kan tsayuwar da ka yi," ta ce, "na ji har miƙewa ka yi."

Ranar kwana na shida ta ɗaura wa Duna igiya. Bai taɓa sanin igiya ba, ya yi ta tirjewa yana waiwayen gona. Ta ja shi suka shiga rafi, ruwa iya gwiwa, suka haye. Mijin Ramlatu ya karɓe shi ya ɗaure a gindin mangwaro, a fili, gaban kowa, don a can babu wannan doka. Hansatu ta tsaya a bakin ruwan tana huci.

"Ramlatu, dubi nan. Taku ashirin. A can haram, a nan halal. Alƙiblarmu ɗaya, azuminmu ɗaya, amma dokar Allah ta zo bakin rafi ta kasa hayewa."

"Inna, ki rage murya."

"Ba zan rage ba."

Waɗanda ba su da 'ya a tsallake ba su yi sa'a ba. Wani tsohon Bafulatani, Bappa, da ke zaune da 'yan tumakinsa a bayan dutse, ya wayi gari ya tarar an ba karensa guba. Ya kwashe ya bar yankin.

Birai kuwa kwana biyu suka yi suna leƙe. A na uku wani babba ya sauko ya zauna a kan kunya, ya saurara. Daga tsallaken rafi ana jiyo haushin Duna, yana ta fizgar igiya. Birin ya jira. Haushi bai matso ba. Ai shi kenan.

Hansatu ta kafa rumfar kara a tsakiyar gona. Tun asuba take fita da gwangwani da majajjawa, ta yi ta bugu tana ihu har muryarta ta dushe. In ta kore su ta gabas su ɓullo ta yamma. In ta tayar da salla su shigo ta gabanta, kamar sun san ba za ta sallame ba. Takan idar ta tarar da goyo a zube, kowanne da gatsa ɗaya. Ta tsince ta tara a zane, tana tsinta tana kiran sunan Amiru da na Habibu, kuma ba addu'a take musu ba.

A cikin gari ma ba ta tsira ba. Ta je suna gidan maƙwabta, matar gidan ta zuba mata tuwo a wani tsohon kwano daban, ta ajiye can nesa da na sauran. Wata ta ce a hankali, yadda za a ji, "Ai har yanzu tana hayewa ta kai masa abinci." Hansatu ta miƙe, ta kife kwanon da tuwon a tsakar gida, ta yi tafiyarta.

To, biri bai san gonar wa ya shiga ba. Da suka raba ta Hansatu biyu, sai suka gangara ta gaba, ta gaban nan kuwa ta gidan su Amiru ce, wadda uwarsa Saude ta zuba duk abin da ta tara a kaskon ƙosai. Ran nan da rana tsaka, Hansatu na rumfa, sai ga Amiru shi kaɗai, ba 'yan sintiri, ba shadda, ya tsuguna nesa kaɗan.

"Inna, barka da rana."

"Kwana bakwan birai ne ya cika?"

"Inna, a bar tone-tone. Na zo ne a matsayin ɗa. Ki dawo da karenki. Ki ɗaure shi ta can kan iyakarmu da ku, inda ba a hangowa daga hanya. Na yi magana da yaran, ba wanda zai gani."

"Dokar fa?"

"Doka tana takarda. Ki bar ta a can."

"Au, Allah ya janye ne? Yaushe ya aiko maka?"

"Inna!"

"Kar ka yi mini tsawa a gonata. Kai ka ce tasa ce. In tasa ce, ni da kai ba mu isa mu ɓoye masa kare a bayan kunya ba. In kuma taka ce, ka koma inda ka ɗaga ta ka faɗa da bakinka."

"Kin san ba zai yiwu ba. Ki duba masararki, rabi ya tafi. Taurin kai zai cinye sauran."

Ta duba. Gaskiya ya faɗa, kuma ta san haka. Har ya ɗauka ta sauko. Tana tunanin rumbu, tana tunanin bazara, tana tunanin yadda za ta je ta zauna a gidan suruki tana jiran a ɗebo mata. Amma kuma ta tuna karen Bappa. In ta dawo da Duna a kan alfarmar Amiru, ran Duna na hannun Amiru. Ranar da ya gama girbin gonar uwarsa, ko ranar da yake son a tafa masa a wajen taro, ya san inda zai aika a same shi. Ita kuma ta zama matar da ta ɓoye haram, a ci gaba da ware mata kwano har ta mutu.

"Tashi ka tafi, ɗan Saude," ta ce. "Ka gaida uwarka. Ka ce mata gwangwani na nan in tana so, ina da biyu."

Juma'a ta zo. Bayan la'asar zaure ya cika, har da Amiru a sahun gaba kusa da malam, don lokacin neman ƙuri'a ba ya fashin zama. Mata na bayan zana. Da Hansatu ta shigo, na kusa da ita suka janye tabarmarsu. Aka yi tambaya a kan gado, Malam Habibullahi ya buɗe littafi ya ɗora yatsa ya amsa. Aka yi a kan rama azumi, ya amsa. Mata sukan raɗa wa wata tsohuwa tambayarsu ne ta miƙa, amma Hansatu ba ta raɗa wa kowa ba. Ta ɗaga dusasshiyar muryar nan tata.

"Allah gafarta Malam, ina da tambaya."

Duk zaure ya waiwaya wajen zana. Kowa ya san muryar.

"Karen da aka ajiye a gona don ya kori abin da ke cinye amfani, bai shiga gida ba, bai taɓa kwanon kowa ba. Littafi ya hana ajiye shi?"

Amiru ya yi wuf ya ce, "Malam, wannan magana hukuma ta riga ta rufe ta. A wuce gaba."

"Ba kai na tambaya ba," in ji murya daga bayan zana. "Ranar da ka sauke ka zo a tambaye ka."

Wasu suka yi dariya, wasu suka hau salati, wani ya ce a fitar da ita. Malam Habibullahi ya ɗaga hannu.

"Baiwar Allah, wannan mas'ala ce mai faɗi. Malamai sun duba maslaha..."

"Malam, a zauren nan ba a amsa da ka. Wanda ya gina shi haka ya bar shi. Ga littafi a gabanka. Babin yana wajen ƙarshe, inda Baba ya yi ɗan rubutu da jan tawada a gefe. In ka manta wurin, a miƙo mini ta saman zana in buɗe maka."

Wani tsoho daga cikin ɗaliban mahaifinsu, wanda haƙoransa suka zube, ya ce, "Gaskiya ne. Haka Malam babba yake yi. A buɗe."

Hansatu ba ta ganinsa, sai ta 'yar ɓular zana. Ta ga hannunsa a kan littafin, ta ga ya daɗe bai motsa ba. Amiru ya sunkuya yana yi masa magana a kunne. Samari biyu sun riga sun ɗaga waya. Sannan ta ji ƙarar takarda, ganye bayan ganye, a hankali, har ta tsaya. Ya ɗora yatsa.

"Bai hana ba," ya ce. Muryar ba ta fita sosai ba.

"Ba mu ji ba a nan baya."

"Na ce bai hana ba! Na gadin gona, da na kiwo, da na farauta, an yarda da su. Ga shi nan."

"To dokar da aka karanta mana a lasifika, ta wace ce?"

Ya rufe littafin. "Ta majalisa ce."

"Alhamdu lillahi," in ji Hansatu. "Ita na sani. Ita zan iya."

Abin da ya biyo baya ba kyan gani. Amiru ya miƙe yana nuna malam da yatsa yana cewa da hannunsa ya sa hannu, malam yana cewa an kawo masa takarda ne an riga an gama. Masu gona a gindin dutse suka taso wa Amiru, yaransa suka taso musu, har rawanin wani ya faɗi aka tattake. A bayan zana matar da ta ware mata kwano ta ce, "Kin tozarta ɗan'uwanki a gaban jama'a, Allah ya isa." Hansatu ta naɗe tabarmarta ta ce, "Littafin ubanmu ne ya yi magana, je ki ja da shi."

Da ta fito daga bayan zana, suka yi kiciɓis da Malam Habibullahi a soro, ya shigo neman ruwa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Kin huta?" ya ce. "Kin samu abin da kike so?"

"Rabin gonata nake so. Kana da shi?"

"Daga yau kada ki ƙara taka gidan nan."

"Gidan ubana ne. Amma ka kwantar da hankalinka, ba abin da na bari a ciki."

Muryar malam ta yi yawo a waya kamar yadda ya ji tsoro, har ta wuce Kano. Sai dai da aka ji liman da bakinsa ya ce dokar ta majalisa ce, bakin mutane ya buɗe. Isma'ila ɗan mafarauta ya samu ƙarfin gwiwa ya miƙe ya nemi gyara, wani kansila daga wajen masu kiwo ya mara masa baya. Aka yi zama uku ana zage-zage, a na biyu har an jefi wani da kujera. Aka tono takardar likitan dabbobi daga ƙarƙashin tarin takardu, aka karkaɗe ta. A ƙarshe shida suka rinjayi huɗu: kowane kare a yi masa allura, wanda ba shi da mai shi a kawar da shi. Amma kafin a kai nan an yi sati bakwai, kuma masara ba ta jira ba.

Hansatu ta girbe abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, ta ƙarasa shekarar da abin da Ramlatu ke aiko mata, tana karɓa tana ɓata rai. Duna an yi masa allura, ya hayo rafi da rana tsaka, ya koma gonarsa, kuma damina ta gaba rumbu ya cika. An cire Malam Habibullahi daga kwamitin malamai, limanci dai ya zauna a hannunsa, amma har yau shi da yayarsa ba sa gaisawa, ko a gidan rasuwa. Bappa bai dawo ba. Saude ta rasa gonarta ta waccan shekarar kaf, ta koma kan kaskonta. Amiru kuwa ya ci zaɓe, yana yawo yana cewa shi ya kawo allurar karnuka.